Layi Biyu a Ƙasan Hoto

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. In ba ka gane rubutun ba, ni ne wanda kuke kira Sarkin Barci, benci na ƙarshe kusa da taga. Rabonmu da juna shekara ashirin da shida ke nan. Dogo mai gyaran babur ne ya ba ni adireshinka, ya ce yanzu kai ke riƙe da ofishin talla na wata jami'a.

Maganar 'yata ta fari ce ta sa na ɗauki biro. Ta gama sakandare bana, ta kawo mujallar bankwana ta ajinsu, irin wadda ka shirya mana a zamaninmu: hoton kowa, da zolaya a ƙasansa. Ita sun rubuta mata, "Likitar aji. Ka ce kanka na ciwo, sai ta tambaye ka tarihin kakanka." Ta yi dariya, na taya ta.

A bangon baya akwai tallar jami'arku. Samari da 'yan mata cikin fararen riguna, kowa ya sunkuya kan madubin ganin ƙwayoyin cuta, an rubuta cewa ɗakin gwaje-gwajenku babu irinsa. Yarinyar ta yanke shafin ta manna saitin gadonta. Ilimin haɗa magunguna take so, kuma ta kafe sai wurinku. Fom ɗaya ake ba su, jami'a ɗaya ake zaɓa, nan da mako shida kuma za a rufe. Wanda ya yi kuskure sai ya jira baɗi.

Tambayata ɗaya ce. Abin da ke cikin hoton nan, akwai shi?

Ka gaishe da mutanen gida.

Abokinka,
Sarkin Barci

*

Ranka ya daɗe, Sarki!

Wa alaikumus salam. Kai, duniya! Wallahi da masinja ya ajiye takardarka sai da na miƙe tsaye. Ashe kana nan? Ina gaisuwa, ina gaishe da madam da yara, da kuma Likita tun kafin mu gana.

Ka jawo mini aiki, don da na koma gida sai da na zazzage akwatin littattafai na zaƙulo tamu mujallar. Ɓera ya ci gefe ɗaya, amma hotunan na nan. Ka tuna Ƙamus? Na rubuta masa, "Yana gaishe da uwarsa da kalmomin da sai ta nemi tafinta." Yanzu lauya ne, ka ga ban yi ƙarya ba. Sai Rediyo, wadda na ce ko an ɗauke wuta ita tana nan tana watsa labarai. Shi kuwa Dogo cewa na yi shi kaɗai ya san abin da ke saman allo, kuma ƙura ce. Ya bi ni da takalmi har bakin get.

Naka fa? Yanzu haka ina kallon hoton, ido ɗaya a rufe. "Sarkin Barci. Zai shiga jami'a ranar da aka buɗe sashen gyangyaɗi, kafin nan sai dai ya leƙa ta katanga." Na karanta wa matata, dariya har da hawaye. Zamani mai daɗi, babu ruwan kowa da fushi.

Maganar Likita kuwa, ai gida ta zo. Jami'armu yarinya ce mai tasowa, akwai sababbin gine-gine, akwai itatuwa, ga tsaro. Shugabanmu mutum ne mai hangen nesa. Ka turo ta kawai, ɗana ɗanka, 'yarka 'yata. Wurin kwana ma ni zan tsaya mata.

Sai na ji daga gare ka. Kada dai ka yi barci a kan amsar!

Naka har kullum,
Edita

*

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Takardarka ta iso, mun gode da gaisuwa. Na ji labarin gine-gine da itatuwa. Ban ga amsar tambayata ba.

Tunda ka ɗauko zancen layi biyun nan, bari ka ji inda suka kwana. Ka san gidan burodi ne da mu, kai ma ka sha cin na aljihuna lokacin tara. Ni ke kwaɓa fulawa tun kafin gari ya waye, daga bakin tanderu nake wucewa aji. Barcin ke nan. Duk da haka a jarrabawar ƙarshe na ci darasi bakwai, har na karɓo fom ɗin jami'a na cike shi da fensir tukuna, don kada in ɓata.

Baba bai iya karatun boko ba, amma yana girmama duk abin da aka buga da inji. Da na kawo mujallar ya kira maƙwabcinmu tela ya karanta masa. Tela ba mai wasa ba ne, ya karanta naka layin da muryar da yake karanta sammacin kotu. Baba ya sa aka juya masa shafin farko, ya ga hoton shugaban makaranta da hatimi da sa hannu. Ya ce, "To, makaranta ta faɗi nata."

Na ce, "Baba, wasa ne, ɗan ajinmu ne ya rubuta."

Ya ce, "Ana buga wasa a littafi har a sa masa hatimi? Malamai sun gan ka shekara shida, ni zan fi su sanin kanka?"

Tela ya juya bangon baya, ya nuna masa tallar wata jami'a da ke cewa ƙofarsu a buɗe take ga kowa. Baba ya ce wannan kam talla ce, kowa ya san talla. Ka ga wanda ya gaskata da wanda ya ƙi. Ƙanena aka tura jami'a bayan shekara biyu. Fom ɗina ya zauna kan kantar gidan burodi har maiƙo ya cinye shi.

Ba ƙorafi na kawo maka ba. Na ji zafi shekara biyu ko uku, daga nan ya wuce. Baba ya rasu muna lafiya da shi, gidan burodin yana hannuna, ma'aikata tara, ba mu kwana da yunwa. Abin da nake so ka gane shi ne, yau ni ne zaune a kujerar Baba, riƙe da takardar da aka buga da inji, ban san wane shafi zan gaskata ba. Bambancin kawai, ni na san mai rubutun.

Saura mako huɗu. Ɗakin nan da madubin nan, akwai su ko babu?

Ka huta lafiya.

Sarkin Barci

*

Abokina,

Salamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ka yi haƙuri da jinkiri. Sau uku ina fara takardar nan a ofis ina yagewa, wannan a teburin cin abinci na gida nake rubuta ta, kuma ni da kaina zan kai ta gidan waya.

Ɗakin akwai shi. Akwai tebura da famfo, famfon ba a haɗa shi da ruwa ba tukuna. Madubai shidan da ka gani aro muka yi daga wani asibiti, aka kawo su da safe a bayan mota, aka mayar kafin a tashi aiki. Fararen rigunan ma nasu ne. Yarinyar da ke gaba tana murmushi ɗalibar lissafin kuɗi ce, mai hoto ne ya zaɓe ta saboda haƙoranta. Dogon saurayin da ke bayanta masinjana ne, wanda ya kawo mini takardarka ta farko.

Babbar maganar ita ce, hukumar da ke tantance kwasa-kwasai ba ta amince da sashen haɗa magunguna ba har yau. 'Yan rukunin farko suna aji uku, ba su san ko takardarsu za ta yi aiki ba. Ana cewa za a gyara, wataƙila kuma a gyara. Amma da 'yata ce ba zan sa ta ba. Kalmar "babu irinsa" ni na rubuta ta, kuma ranar har yaba mini aka yi a taro.

In takardar nan ta shiga hannun da bai dace ba, na bar aiki ke nan, ga yara huɗu a makaranta. Na bar maka amana.

Sai layi biyun. Na so in ce maka ban san dalilin barcinka ba, amma na sani. Mai buga littafin yana jira, ƙasan hotonka ne kaɗai babu rubutu, na tsaya a bakin shagonsa na rubuta a kan gwiwata. Ko minti biyu ban yi ba. Shugaban makaranta bai karanta ko shafi ɗaya ba, hatimin ma magatakarda ne ya buga. Tun da na karanta takardarka kunya ta hana ni sakat. Har matata ta tambaye ni me ya sa na mayar da mujallar akwati. Ka yafe mini in za ka iya.

Ka gaishe da Likita, ko da yake na san ba za ta so jin sunana ba.

Edita

*

Zuwa ga Edita,

Wa alaikumus salam. Saƙo ya iso, na gode.

Ban kira kowa ya karanta mana ba, ban kuma yanke wa Likita hukunci ba. Na miƙa mata takardar ta karanta da kanta, sau biyu. Ta yi kuka, ta yi kwana biyu tana fushi da ni. A na uku ta ɓare hoton daga bango, ta zo kan kantar gidan burodi ta cike fom ɗin da sunan wata jami'a. Da fensir ta fara, na ce ta sa biro. Jiya muka kai, saura kwana biyar a rufe.

Takardarka ta shiga tanderu tare da itacen safe, ka kwantar da hankalinka. Maganar yafiya kuma an wuce wurin.

In hanya ta biyo da kai, burodi na nan. Ka zo da safe, da rana barci nake yi.

Abokinka,
Sarkin Barci