Gwiwoyin Masu Rawa

Litinin, 3 ga Maris
Auta ta zo min da ɗanyen aiki. Wai mai gangarsu ya gudu wata ƙungiya, ga wasansu na hip-hop ranar sha biyar, ko zan zauna musu? Ni da na karanci kiɗa a rubuce, na riƙe ƙungiyar makaɗan gidan rediyo har ranar da aka sallame mu aka sa faifai a gurbinmu, ni zan raka yara surutu? Ta ce, "Baba, surutun nan nawa ne fa." Da ta fita na sauko da sandunana daga saman kabad.

Laraba, 5 ga Maris
Ɗakin gwajinsu: bango liƙe da kwalayen ƙwai, fanka ɗaya, warin takalma. Mai haɗa musu sauti, Dogo suke ce masa, ya kunna waƙar. Tsi-tsi-tsi-tsi, kamar ruwan sama a kan kwano! Na bi ta a guje. Kafin a kai amshi wuyan hannuna ya kama wuta, sanda ta suɓuce ta daki fanka. Dogo ya ce, "Tsoho, kiɗa muka ce, ba jifa ba." Mara kunya. Amma wallahi jinina ya motsa. Rabona da yin gumi a kan ganga har na manta.

Alhamis, 6 ga Maris
Hannu ya kumbura. Uwar Auta ta ce in ji da tsufana.

Asabar, 8 ga Maris
Na ji su ta taga. Dogo ya ce in ban kama gudun ba zuwa Talata, na'ura za ta buga. Auta ta ce, "Ubana ne fa." Ya ce, "Na'ura ba ta da amosani." Ashe za a iya sallamar mutum sau biyu a rayuwa ɗaya.

Talata, 11 ga Maris
Kai! Bari in rubuta da zafinsa.
Na sake faɗuwa a baitin farko. Na ajiye sanduna, na ce su ci gaba, in huta kafin in tattara. Ina zaune ina kallon masu rawarsu biyu, sai idona ya sauka kan gwiwoyinsu. Sama ƙaras-ƙaras ɗin nan na na'ura yana ta zuba, amma gwiwa ba ruwanta. Sai ta jira, ta jira, sannan ta lanƙwashe. A hankali, kamar mai sauke tulu. Ni kuwa duk kwanakin nan ƙaras-ƙaras nake kora, don abin da aka koya mana ke nan: ka ƙirga mafi ƙanƙantar bugu, ka bi shi. Ashe yaran rabin gudun suke takawa!
Na ce Dogo ya mayar. Na bar wa na'ura samanta, na bi gwiwa. Dum. Na jira. Tas! Ɗakin ya yi nauyi. Auta ta shigo da baitinta ta hau kai kamar dama can wurinta ne. Dogo ya cire hula ya yi jifa da ita: "Tsoho ya iso!"
A hanya na ce mata namu kiɗan gudu yake daga sama har ƙasa, ƙafa ba ta zama, don mun ɗauka akwai inda za mu. Ta ce, "Mu kuwa kai na gudu, ƙafa na kan layi, Baba. Waya na ƙara, zuciya na bugawa, mutum na tsaye yana jiran aiki." Wa ya koya wa yarinyar nan magana?

Asabar, 15 ga Maris
Zaure ya cika maƙil. Duk lokacin da na saki hannu, sai in ga jama'a sun nutse tare sun taso tare. Ni nake saukar da su! Auta ta nuna ni ta ce, "Ga ubana nan," aka yi ihu. Na sunkuyar da kai kamar ina gyara ganga.

Lahadi, 16 ga Maris
Har yanzu ina nan a kan bakana, yawancin waƙoƙinsu hayaniya ce. Na dai sa Auta ta zuba min sabuwar a waya, don in duba kurakuransu kawai. Akwai wani gurbi bayan amshi na biyu da ya kamata a yi shiru gaba ɗaya. Sai na nuna wa Dogo ranar Talata, in ba haka ba ɓata shi zai yi.