Jan ƙarfen da ka aiko wa motar gida

Zuwa ga ɗana Babba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka da jikokina, ya sa albarka a nemanka, ya tsare ku a inda kuke. Mu nan muna nan da rai. Gwiwata tana nan da halinta, ba ta warke ba, ba ta kuma kwantar da ni ba. Matar Auta ta yaye 'yarsu, yanzu ba abin da ya tsira daga hannunta, har carbina. Ƙanwarka ce ke riƙe da biro, ni ke faɗa, tunda ka san ban taɓa zama a aji ba. Na gaya mata sai ta karanto min daga farko har ƙarshe, in na ji ta sassauta min magana za mu yaga mu sake. Kar ka ce me ya hana ni kiran waya. Duk sa'ad da muke magana uwarka tana gefena ta kasa kunne, wannan kuwa ba maganar kunnenta ba ce.

Jan ƙarfen nan da ka aiko ya iso, an kuma ɗaura shi a ƙarƙashin mota. Bakanike ya ce sunansa sitabilaiza, wai shi ke riƙe mota kar ta karkata in an sha kwana, kuma naka ya fi na da kauri. Ba wanda ya tambaye ni. A bakin maƙwabci na ji cewa motata tana gareji ƙafafu a sama. Da na je sai na tarar da Auta a tsugune yana haska maka ƙarƙashinta da waya, kana ta murna daga can. Tsohon ƙarfen kuwa an wurga shi cikin tarin ɓaraguzan da masu sayen gwangwan ke kwasa, kamar mushen kare. Na tambayi bakaniken ko ya san abin da ya jefar, ya ce ai tsohon ƙarfe ne, Baba. Har da dariyarsa.

To bari in gaya maka, tunda a gidan nan in ban faɗa ba ba mai faɗa. Shekarar da aka sa ka makaranta muka zurma cikin kwata da motar nan, kana kan cinyar uwarka, ƙarfen ya lanƙwashe. Baffanka Maƙeri, Allah ya gafarta masa, shi ya sa shi a wuta ya miƙar da shi da hannunsa, ni ina hura masa zugazugi. Har yau sawun gudumarsa yana jiki, in ka bi da yatsa za ka ji shi. Tun daga ranar motar ba ta ƙara kai kowa ƙasa ba. Ita ta kai ƙanwarka asibiti ranar haihuwarta ta fari, ita ta raka shi Baffan naka makwancinsa, ita ta kai ka tasha ranar da ka tafi. Na sunkuya na ciro shi daga cikin shara, na saɓa a kafaɗa, na taka har gida. Masu shaguna suna kallona, wani har yana tambaya ko na koma sana'ar gwangwan. Ban kula shi ba.

Ba zan ci haƙƙin ƙarfenka ba, yana aikinsa. Auta ya ɗauke ni ya kai ni babban shatale-tale, ya zagaya da gudu don in gani, motar ta zauna daram ba ta rusuna ba. Na ce masa na gani, na kuma tambaye shi da wa muke tsere. Motar nan aikinta ɗaya ya rage a duniya, kai uwarka gashin ƙashi saboda ƙugun da aka yi mata aiki. Hanyar kuwa ka san ta, ko ka manta? Daga ƙofar gida zuwa kwalta ramuka ne, bayan asibitin ma haka. Da, in taya ɗaya ta faɗa rami ita kaɗai take faɗawa, motar ta ɗan yi lilo a hankali ta wuce. Yanzu ƙarfenka ya ɗaure tayoyin kamar an sa musu mari, ɗaya na faɗawa sai motar gaba ɗaya ta fizga, ta wurga mutum dama ta dawo da shi hagu. Ni ke zama da uwarka a baya. Ina ganinta ta damƙe marfin ƙofa, ta cusa bakin mayafi a haƙori, gumi yana bin wuyanta. Zuwanmu na ƙarshe ta kasa saukowa, sai da ma'aikaciyar jinya ta turo keken marasa lafiya, keken da ta rabu da shi tuntuni har muka yi sadaka don murna.

Tun daga nan ta fara kawo dalilai. Yau kanta ke ciwo, gobe tana jiran baƙi, jibi wai ta ji sauƙi ba sai an je ba. Likitan ya aiko da saƙo ta bakin ƙanwarka cewa in ta ci gaba da fashi ƙafar za ta sandare, kuma in ta sandare ba lallai ta saki ba. Yanzu da bango take dafawa daga ɗaki zuwa madafa. Matar da na sani tana ɗaukar tulu biyu, Babba, yau ina jin tafin hannunta yana jan bango.

Na koma wurin bakaniken na ce ya mayar da na da. Sai a lokacin ya buɗe baki ya ce dama irin mai kaurin nan na titi mai santsi ne. Na ce a ina bakin nasa yake ranar da yake ɗaurawa. Amma ba shi ne matsalar ba, uwarka ce. Da ta ji labari sai ta rantse in aka cire abin da ɗanta ya aiko ba za ta ƙara shiga motar ba. Ta ce yaro yana can nesa ya tuna da ita, ya ji tsoron kar mota ta kife da uwarsa, sannan a cire a ajiye kamar an raina. Duk baƙuwar da ta zo sai ta sa ta leƙa ƙarƙashin mota ta ga jan ƙarfen. Na ce to mu hau motar haya, ta ce me mutane za su ce, ɗanta ya gyara mata mota tana bin ta haya. Auta kuma bakinsa ɗaya, wai za ta saba. Na ce shi ya ara mata ƙugunsa ta saba da shi. Na yi tunanin in sa a canza a ɓoye, amma daga tabarmar da take zama a ƙofa tana hango jansa, kuma ban taɓa yi mata rufa-rufa ba, ba zan fara da furfura ba.

Raina ya ɓaci da kai, ba zan ɓoye ba. Ka tambayi waya, ka tambayi mutanen da ba su taɓa taka layinmu ba, ka tsallake wanda yake cikin motar nan tun ba ka da gemu. Amma ba don ka ba ni haƙuri na sa aka rubuto ba, haƙurinka ba zai lanƙwasa mata ƙafa ba. Abu ɗaya nake so. Ka kira ta kafin ranar asibiti ta zagayo, ka gaya mata da bakinka cewa ka gano ƙarfen bai dace da hanyarmu ba, kuma kai ne ka ce a cire. Ba ƙarya ka yi ba, yanzu ka gano. Kar ka ambace ni, kar ka nuna ka san tana jin ciwo, don za ta musa ta kuma ƙara kafewa. Maganata ta ƙi, ta likita ta ƙi, taka ce kawai za ta shiga.

Ƙarfen Baffanka yana ƙarƙashin gadona, na goge shi na shafa masa mai, yana jira. Naka kuma ba mai jefar da shi, ni ba bakanike ba ne. Na riga na kafa ƙusa biyu a bangon ɗakinta, saitin gado. Can za a rataye shi, ta riƙa nuna wa baƙinta ba sai sun durƙusa ba.

Ka gaida maiɗakinka, ka gaida Takwarana da 'Yar Baba, ka ce Kaka yana sa musu albarka. Gwaggonka tana gaishe ka, haka Auta da matarsa, duk da ba mu cika shiri da shi kwanan nan ba. Ƙanwarka ta ce in sa tata gaisuwar, na ce ai biron yana hannunta. Allah ya yi maka albarka, ya sa mu gana da alheri.

Ni ne mahaifinka, mai jiran ya ji wayar uwarka ta yi ƙara.