Hoto Arba'in da Biyu, Babu Fuskarki

Zuwa ga sanyin idanuna, inuwata a tsakar rana, ruwan randata, matata da gidan nan ya yi shiru tun tafiyarta,

Na gaji, masoyiyata. Gwiwoyina sun yi kanta da durƙuso a bakin rafi, wuyana ya ƙage, ga ƙaiƙayin ciyawa har cikin safa. Bazara ta bakwai ke nan ina bin malam-buɗe-littafin nan mai shuɗin fiffike da ɗigon fari a gefe, wanda ba ya fitowa sai kwana goma a farkon zafi, sannan ya ɓace sai wata shekara. Ke kuma yau kwananki ashirin da uku a gidan Yaya, kin ce ƙarshen wata za ki yanke: ko ki dawo, ko ki karɓi aikin asibitin nan mai nisa. Saura kwana shida.

Kin tuna shekarar farko da kika raka ni? Na koya miki dokokin aikin kina yi mini dariya: a fuskanci rana don inuwa ta faɗi baya, a riƙe numfashi, kada a yi motsi. Ni na sha rarrafe awa uku a banza, ke kina zaune kan dutse kina fifita da hulata, sai ga shi ya sauka a wuyan hannunki yana tsotsar gishirin zufarki. Na ce kada ki motsa, ba ki motsa ba. Rana ta dake ki, amma kika daure har na gama. Hoto arba'in da biyu na ɗauka ran nan.

Ranar da za ki tafi kin ce in nemo miki hotonki ɗaya tak cikin dubban da na tara. Na ɗauka ƙorafi ne irin na gajiya. Jiya na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya. Fiffike, fiffike, fiffike. Ana iya ƙirga gashin ƙafar ƙwaron nan, amma ke hannu ce kawai, reshen da ya samu ya sauka. A guda ɗaya ne kanki ya shigo ta gefe, dishi-dishi kamar ana kallonki ta gilashin da ruwa ya jiƙa, domin a kan fiffiken na saita kyamara. Duk da haka na gane abu ɗaya: ba shi kike kallo ba, ni kike kallo. Wane irin mai hoto ne wannan, da za a dube shi haka bai gani ba sai a shekara ta bakwai?

Yau da hantsi ya zo. Ya sauka kan fure taku biyu daga gabana, ya buɗe fukafukansa gaba ɗaya, iska ta kwanta, haske ya yi daidai, abin da na yi shekaru ina roƙo. Sai na waiwaya in ce miki kada ki motsa. Dutsen yana nan, babu kowa a kai. Waiwayen nan ya jefa inuwata a kansa, ya tashi. Ni da na hana ki numfashi, ni na kore shi! Ban bi shi ba. Na zauna a wurinki, ban ji zafin rasa shi ba ko kaɗan, kewarki kaɗai na ji.

Ba zan yi miki ƙaryar cewa zan jefar da kyamara ba, kin san ni, da kin yi tsaki kin ninke takardar nan. Abin da nake roƙo kaɗan ne, muradin raina. Kwana huɗu suka rage masa a bana, na bar masa su, ba zan koma rafi ba. Ranar Asabar zan zo gidan Yaya da safe. Ki zauna inda kika ga dama, ki motsa, ki yi magana, ki harare ni in harara ce rabona. Zan saita a kan idanunki, komai na duniya ya yi dishi-dishi a bayanki.

Ga hoton nan da kanki ya shigo ta gefe, na sa a cikin ambulan. Duk wanda ya gani zai ce ya lalace. Shi kaɗai gare ni, don haka in kin zaɓi tafiya, ki taimaka ki dawo mini da shi.

Naki a bana, naki baɗi, naki har ranar da idanun nan za su daina gani,

Mijinki, gajiyayyen mai hoto