Turken Nasara a Gonata

Lahadi, 8 ga Rabi'ul Awwal, 1325
Yau Nasara biyu, na Ingilishi da na Faransi, sunka shigo gonata ko sallama babu. Sunka leƙa wani madubi mai ƙafa uku, sunka yi ta yarensu, sannan anka kafa turken ƙarfe a tsakiyar gonar, anka tula mai duwatsu. Tafintansu ya ce daga turke zuwa kudu Illela ce, ƙasar Ingilishi, arewa kuwa ta Faransi ce. Wanda duk ya taɓa turke sai gidan yari a Sakkwato, gonarsa kuma ta tafi.

Arewar nan ita ce mai gawo, ita ke ci da gidana. Kudu fa? Faƙo da tsidau. Ko zan sake noma arewa, tafinta ya ce bai sani ba. Inna lillahi!

Laraba, 11 ga Rabi'ul Awwal
Na kasa cin tuwo. Matata Baraka ta ce, "Malam, cikin naka ma an raba shi ne?" Tsoro nake ji, wallahi, tsoron yunwa.

Juma'a, 20 ga Rabi'ul Awwal
Dabo taubashina, shi ma an kafa mai turke a tasa gonar, amma sai ƙiba yake. Bayan masallaci ya ja ni gefe.

"Halliru, mi ne na kuka? Iyakar gona ce fa. Ka riƙa gusa shi kunya guda duk Juma'a, yadda kowa ke yi wa maƙwabci. Kafin damina Faransi na bayan gawo."

Na ce ubana bai taɓa cin iyakar kowa ba. Ya ce ai ubana bai yi maƙwabtaka da Nasara ba. Ja'iri.

Asabar, 5 ga Rabi'us Sani
A kasuwa yanzu Halliru Rabi-da-rabi ake ce mini. Maharazu mai gishiri ya rantse Faransi na kama duk wanda ya ƙetara, su aza mai kaya har Tawa. Bai gani ba, amma ya rantse. Kowa dai shawararsa guda: gusa shi, gusa shi. Har a sujada ina jin ta. Astagfirullah.

Litinin, 21 ga Rabi'us Sani
Na je da hantsi da galma. Na ɗauke dutse guda daga gindin turken. Sai na tsaya. In anka ɗaure ni, Baraka da yara ba arewa ba kudu. Yanzu ko ba komai ina da tsidau ɗina. Na maida dutsen, har na share mai ƙasa da hannun riga.

Dabo ya ce matsoraci ne ni, a gaban mutane. Ya ƙona mini rai. Na ce na ji, na gode.

Na ci tuwo, kaɗan.

Alhamis, 9 ga Jimada Ula
Ruwan shuka ya sauka jiya. Ina gaba da sungumi, Baraka na bina da iri. Munka gama kudu, na iso turke na yi cirko-cirko. Ta ce, "Malam, ƙasa na bushewa. Taɓawa anka hana ko wucewa?"

Kai! Wata biyu ban yi wa kaina wannan tambaya ba. Na yi bisimilla na ɗaga ƙafa na shiga Faransi. Ba abin da ya faru. Munka shuka har gawo, sai dai layukan duk sun karkace saboda waiwaye.

Talata, 18 ga Rajab
Gero ya yi kai. Ina tsaye a arewa sai ga gardi, dogarin Faransi, daga Konni, kan doki, da jar hula. Na fara kalmar shahada. Ya sauko ya ce, "Sannu da aiki, baba. Akwai tumu?" Ashe Bahaushe ne! Na gasa mai, ya ci, ya nemi ƙari. Ya ce shi turke anka ce ya duba, ba wanda ya yi mai maganar gero.

Lahadi, 23 ga Rajab
Nasara sun dawo da madubinsu. Turkena na nan daram. Na Dabo kuwa ya yi tafiya har ya shiga gonar wani mutumin Konni. Dabo ya rantse gara ce ta tura shi. An tafi da shi Sakkwato, an karɓe gonar.

Na zaci zan ji daɗi. Ban ji ba. Da za a tafi da shi, ya waiwayo ya ce, "Rabi-da-rabi, ga matata Raliya da yara nan." Muryarsa ba ta wasa ba ce.

Asabar, 20 ga Sha'aban
Mun gama yankan gero. Rumbu ya cika, yawanci daga arewa. Na aza wa jaki dammuna na kai wa Raliya matar Dabo. Na ce in ya dawo ta gaya mai geron Faransi ya ci, na matsoraci. Ta yi dariya, sannan ta rufe fuska da zane.

Baraka ta ce ta ji ni ina waƙa a kan rumbu. Ƙarya take yi. Gyaran murya na yi, ya ɗan yi tsawo.