Haruffa Biyu a Jikin Kwalin Kifi

Ishigaki, Japan

Yaya Jinshui,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya gwiwar Mama? Injin jirginka na kamun kifi ya daina tarin nan kuwa?

Ni lafiya lau nake, kada ku biye wa talabijin. Ba wanda ya kore ni. Sai dai tun Talata ni kaɗai nake cin abincin rana.

Ka san aikina a ɗakin ƙanƙara shi ne rubuta inda aka kamo kifi a jikin kwali. Ranar Talatar aka kawo kifi daga wajen tsibirin nan da gwamnatinmu da ta Japan ke jayayya a kansa. Na rubuta sunansa yadda aka koya mana a makaranta, Diaoyu, harafin "kamu" sannan na "kifi". Ashe su ma da haruffan nan biyu suke rubuta shi, amma kifin ne a gaba. Kwali arba'in na yi wa haka!

Uwar ɗakina Miyara ta ce, "Qiaoying, siyasa kika kawo mini cikin ƙanƙara?"

Na ce, "Ki yi haƙuri, hannuna ne ya saba."

Ta ce, "To hannun naki ɗan wace ƙasa ne?"

Ga shi kuma ita za ta sabunta mini takardar aiki watan gobe.

Ku aiko mini da ganyen shayin gida. Kuma don Allah, Yaya, kada ka kai jirginka wajen. In suka kama ka, ni za su kira tafinta, kuma ban san da wane suna zan faɗi inda aka kama ka ba.

Allah ya tsare.

Ƙanwarka,
Qiaoying