Tsakuwar Na Cikin Ƙwarya

Baƙo,

Na wuce kasuwar Zagga, ban tashe ka ba.

Jiya wurin bikin 'yancin kai, da Sakinatu ta zo ta ɗaya, hedimasta ya tambayi wa ke koya mata a gida. Ta ce, "Baffa Baƙo." Kai ko sai washe baki kake.

Sarewa da Faransancin Dahome naka ne, ban musa ba. Lissafin fa? Damina biyu ina zaune da ɗiyata muna ƙirga tsakuwa. Ko sunana ba ta kama ba, ni da na haife ta.

Tsakuwar na cikin ƙwarya bakin zaure. Yau za ta fara lissafin rabawa. Tunda kai ne malam, ka busa mata da sarewa.

Yayanka,
Na'Allah