Na mayar da baƙo ɗan gari, ga shi yana ruɓewa a gidan kaso

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma kada ku zage ni, na riga ku zagin kaina.

Ni ɗan kasuwar albasa ne a Malanville, ƙasar Benin, ina jin Faransanci, don haka jandarmomi kan kira ni tafinta. Bara, ranar kasuwa, suka kama wani masunci da injin kwalekwale wai na sata ne. Jandarma ya ce in tambaye shi garinsu, in kuma baƙo ne in gaya masa yana da haƙƙin a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsu. Mutumin ya ce, "Malam, ni ɗan Lolo na, ƙasar Najeriya. Takardar injin tana gida, a bari in aika a kawo." Ni kuwa na san in aka ce baƙo, to wuni ya tafi a cike takardu, ga motar Cotonou tana lodin albasa ba na wurin. Sai na juya na ce wa jandarma ɗan Madécali ne, wani gari a nan Benin. Maganar jakada ko uffan ban yi masa ba, ta takardar ma na haɗiye. Na ce a raina, wa bai taɓa yin wannan ƙaryar a bakin iyaka ba? Masuncin ya dangwala yatsa a takardar jandarma, har da ce min, "Allah shi saka, ɗan'uwa." Tir! Albasa fa, jama'a. Abin da ke ruɓewa cikin sati biyu na sayar da mutum a kansa.

Wata goma ke nan yana tsare. Kwanan baya mutanen jakadancinsu suka je da lauya duba 'yan ƙasarsu, shi ba su ko kira shi ba, tunda a takarda ɗan Benin ne. Jiya tsohuwarsa ta yi ta tambaya har rumfata, da ƙullin bandar kifi. Ta ce, "Ɗana, an ce kai ka tsaya mishi ranar da anka kama shi. Mi yas sa mutanenmu sunka ƙi shi?" Na karɓi kifin nan da hannu biyu, kunya ba ta kashe ni ba. Wane irin mutum ne ni? Har ƙyamar bakina nake ji.

Shari'arsa sati mai zuwa ce, ba lauya. In na faɗi gaskiya, ƙila ni ma a rufe ni, ga iyali. In na yi shiru, ya tafi ke nan. Tsohuwar ta ce gobe za ta dawo in raka ta gidan kaso, don ni kaɗai ta yarda da shi a garin nan. Me zan yi?